Uwargida, Kada Ki Bari A Sayar Da Babur Ɗin

'Yan'uwana mata, kullum safiya mazajenmu na Kumbotso kan hau babur zuwa masana'antun Challawa, Sharada da Bompai. Ran da tsautsayi ya auku, mu ne da jinya a Asibitin Ƙashi na Dala, har da sayar da 'yan kunne. Sai a ce ƙaddara, a kai wa 'yan gwangwan babur.

Ƙaddara ba ta hana neman hakki. Wani birkin tun daga kamfani ya zo da aibi. Dokar kare masu sayayya ta 2018 ta wajabta wa kamfani janye kayansa masu haɗari daga kasuwa, da biyan ɓarnar da suka jawo. Ana kai kuka hukumar FCCPC ko kotu. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuwa ta ba wanda ya ji rauni tsakanin gida da wurin aiki damar neman diyya a NSITF, amma a sanar da ma'aikatarsa cikin kwana 14.

Don haka ki adana babur ɗin, da rasit, da takardun asibiti. Su ne shaidarku. Allah ya tsare, amin.