Tumatirin Inji Ko Na Kadawa?

'Yan'uwa ɗalibai, wata sabuwar waƙa ta shigo gari. Wai maganin yunwa a ƙasashe masu ƙarancin ruwa shi ne a raini ƙwayar tsiro cikin kwalba a ɗakin bincike, ko a sa inji ya buga kayan miya kamar yadda ake buga jarida. Mu dai muna cewa a zo Kasuwar Sabon Gari a tambayi masu kwandon tumatir da tattasai abin da ke damunsu.

Bari mu fara tone asirin injin. Ba ya ƙirƙirar kome. Markaɗen karas ko wake ake ɗura masa, ya fitar da shi da wata siffa. To, wa ya noma karas ɗin? Ita ma ƙwayar cikin kwalba da sukari ake ciyar da ita, sukari kuwa daga gonar rake ko masara yake. Ashe ko ta ina aka bi, ga manomi ake komawa.

Shuka cikin ruwan taki ba tare da ƙasa ba tana da nata amfani, ba mu musa ba: tana tattalin ruwa, ta kuma dace da renon iri. Amma tana bukatar famfo da lantarki marar yankewa da takin da ake saye da dala. A Amurka ma, inda wuta ba ta ɗaukewa, kamfanonin AeroFarms da AppHarvest sun durƙushe da bashi a 2023. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai.

Shin ruwa muka rasa? An gama madatsar Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Bako ta tsaya a kai, aka tsara shayar da kadada 22,000 a yankin Kadawa da Kura. An ƙara da ta Challawa a 1992. Ciwonmu daban ne. Da kaka tumatir ya ruɓe a Kwanar Gafan don babu wurin ajiya mai sanyi, da damina ya gagari talaka. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki, masana'antar Ɗangote ta Kadawa da aka buɗe a shekarar ta rufe don rashin abin markaɗawa. A bakin Jakara kuwa, nan bayan kasuwa, da ruwan kwata ake ban-ruwan latas da alayyafo.

Wanne daga cikin waɗannan injin bugawa zai warkar? Duk al'ummar da miyarta ta dogara ga injin da ba ta iya ƙerawa, ta miƙa wuyanta ga 'yan jari-hujja, ta koma mulkin mallaka ta ƙofar madafa.

Saboda haka muna kira ga hukuma: a riƙa yashe magudanan ruwa, a gina ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a Sabon Gari da 'Yan Kaba, a tace ruwan Jakara, a ba Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuɗin samar da iri mai jure zafi da tsutsa. Mu kuma ɗaliban aikin gona da injiniya, mu tuɓe takalma mu shiga fadama, domin da gumin mai jigo aka biya kuɗin karatunmu.