Tsautsayi Ba Ya Wuce Ranarsa, Amma Wa Ke Buɗe Masa Ƙofa?

Kwanan baya na kai ziyara Mubi, garin nan na arewacin Jihar Adamawa da ke gindin duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru, na sauka a gidan wani tsohon abokina. Ran nan da la'asar muna zaune a zaure, sai muka ji salati daga cikin gida. Ashe jikansa ne, ɗan shekara 2, ya tarar da kwalbar lemo a bayan ƙyaure ya kafa kai, alhali kuwa kananzir ne a ciki. Kafin maigidan ya isa, har an ɗauko manja za a ɗura wa yaron don ya yi amai. Allah ya sa wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya tana kusa, ta hana, aka garzaya da shi asibiti. Sai da ya kwana 3 yana numfashi da ƙyar kafin ya sami kansa.

Duk wanda ya zo jaje, magana ɗaya ce a bakinsa: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni ban musa ba, domin imani da ƙaddara wajibi ne. Amma fa kwalbar nan ba da ƙafarta ta je bayan ƙyaure ba. Babba ne ya zuba kananzir a abin da yaro ya saba shan zaƙi a ciki, babba ne kuma ya ajiye ta daidai inda hannunsa zai kai.

Lamarin ya wuce na gida ɗaya. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da rahoto cewa yara kimanin 830,000 ke mutuwa kowace shekara ta hanyar haɗurran da ba wanda ya yi niyyarsu, watau fiye da 2,000 kowace rana. Haɗarin hanya ne kan gaba da kimanin 260,000, sai nutsewa a ruwa 175,000, ƙuna 96,000, faɗuwa 47,000, da shan guba 45,000. Mafi yawansu a ƙasashe matalauta da masu tasowa ne. Abin da ke zuwa da tsari haka shekara da shekaru, lalle yana da dalilai da a ke iya ganewa.

Na farko shi ne shekarun yaro. Daga ranar da ya fara rarrafe har ya kai shekara 4, bakinsa ne ma'auninsa, kome ya samu can zai kai. Kansa kuma ya yi wa jikinsa nauyi, sabo da haka in ya leƙa bokiti ko baho ya kifa, ba ya iya ɗagowa. Ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba ya isa ya kashe shi cikin 'yan mintoci, kuma babu kuka babu kururuwa. In ya tasa, sai haɗarin ya koma waje, musamman ga maza masu hawan bishiya da bin rafi. 'Yan mata kuwa wuta ce ta fi cinsu, domin su a ke turawa bakin murhu tun zani bai zauna musu ba.

Na biyu shi ne wuri da lokaci, kuma a nan Mubi ta isa misali ga sauran garuruwanmu. Kogin Yedzaram da ya ratsa garin, da rani yashi ne yara ke wasa a kai. Da damina kuwa, in an yi ruwa a kan duwatsu, ya kan cika ba zato, ko da a cikin gari ba a ga ɗigo ba, yaron da ya saba da shi jiya ba zai san ya sauya hali ba. Haka nan kududdufai da ramukan da aka haƙa don yin bulo. Da hunturu sai kaskon garwashi ya shiga ɗaki, tukunyar ruwan zafi ta zauna a tsakar gida. Da bazara, lokacin mangwaro, karaya ta yawaita, ga rijiyoyi a buɗe ana ta zirga-zirgar neman ruwa.

Ranar cin kasuwar shanu, wadda ta yi suna har Kamaru da Cadi, manyan motoci su kan cika hanya suna lodi zuwa Kudu, ga keke napep suna kutsawa ta ko'ina. A tsakaninsu za ka ga yarinya 'yar shekara 7 da farantin talla a ka. Yaron da bai kai shekara 10 ba bai iya auna gudun mota ba tukuna, direban babbar mota kuma ba ya hango gajere a gabansa. Bugu da ƙari, a garuruwan kan iyaka ba a rasa gidajen da a ke ajiye jarkokin fetur, wani lokaci a ɗakin da yara ke kwana. Kada kuma mu manta Boko Haram ta kama Mubi a watan Oktoba na 2014, aka ƙwato ta a Nuwamba. Yaƙi ya kan bar harsasai da abubuwan fashewa a daji, yaran da ke tsintar ƙarafa don sayarwa kuwa ba su san wanne ne ajali ba.

Na uku, wanda a ganina ya fi duka, shi ne wanda muka bar wa amanar yaron. Uwa tana girki ko surfe, uba yana kasuwa ko gona, sai a goya wa 'yar shekara 6 ƙaninta a ce ta yi raino. Ita kanta mai bukatar raino ce. Da ta ga sa'o'inta suna 'yar gala-gala, ta sauke shi ke nan. A gidan da ke cike da mutane ma, kowa ya kan ɗauka wani ne ke duba yaron, har a wayi gari babu mai dubawa. Ba na ɗora wa iyaye mata laifi, domin hannu biyu Allah ya ba su, talauci kuma shi ke haɗa murhu da wurin wasan yara a tsakar gida ɗaya.

To, mene ne abin yi? A ƙasar Bangaladash, inda ruwa ke cin ƙananan yara ƙwarai, an lura yawanci suna nutsewa ne kusa da gida daga hantsi zuwa azahar, sa'ad da iyaye mata ke fama da aiki. Sai aka riƙa tara yaran unguwa a wurin mace guda da aka horar a daidai wannan lokaci, mace-macen suka ragu sosai. Mu da muka gaji zaman unguwa, wannan ba zai gagare mu ba, in masu unguwanni da ƙananan hukumomi suka sa hannu.

Sauran kuwa aikin maigida ne, kuma bai kai kuɗin buhun masara ba. A yi wa rijiya murfi da kwaɗo. A kife bokiti in an gama aiki. A kewaye murhu. Kananzir da fiya-fiya da magunguna a ɗaga su sama, kada a zuba su a kwalbar abin sha. In yaro ya sha kananzir kada a sa shi amai, domin aman ne ke kai man cikin huhu, a nufi asibiti kurum. In ya ƙone, a zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ban da ƙwai, ban da gishiri, ban da baƙin mai.

Abokina dai kafin in baro Mubi ya kira kafinta ya kafa kanta a bango, ya kuma rufe rijiyar gidansa. Ya kai mai karatu, yau in ka koma gida, durƙusa daidai tsawon ɗanka ka dubi abin da hannunsa zai iya kaiwa. Allah ya raya mana zuriya, ya tsare mana su. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.