Idan Ajali Ya Sami Ɗan Gumel a Bayan Teku

A cikin sanyin bara aka bugo mana waya daga Ingila, ana idar da sallar Asuba, cewa ɗan goggona ya riga mu gidan gaskiya. Shekararsa ta huɗu ke nan a can yana aikin jinyar tsofaffi, kuma bai yi wata doguwar rashin lafiya ba. Kafin hantsi zauren gidanmu a Gumel ya cika. An shimfiɗa tabarmi, masu ta'aziyya suna ta sallama, amma babu gawa, babu makara, babu mai iya cewa ga lokacin jana'iza. Mu da muka saba a rasu da safe a yi sutura kafin Azahar, sai ga mu zaune mun zuba wa wayar salula ido.

Abokin zamansa, wani ɗan Sule Tankarkar, shi ya tsaya a kan lamarin. Ya turo mana hoton takardar da masu sana'ar shirya jana'iza suka ba shi domin iyali su zaɓa: a binne shi a can, ko a ƙona, ko a saka shi a teku, ko a ɗauko shi zuwa Najeriya. Ina karantawa ina fassarawa, zauren ya ɗauki salati. Ƙonawa kam babu wanda ya tsaya ɓata mata yawu. Da na zo kan teku, sai wani dattijo ya ce ai wannan ya fi ƙonawar ma wulaƙanci, a ɗauki ɗan Adam a miƙa wa kifi. Limamin unguwarmu, wanda tun da aka zauna bai ce uffan ba, ya ɗago kai ya ce, "A'a, Alhaji, wannan kam yana cikin littattafanmu. Sai dai ba a kan irin wannan gawar aka faɗe shi ba."

Gaskiyar Liman ce. Mu mutanen Lautai da ko babban kogi ba mu da shi, mas'alar teku tana cikin Muhtasar na Halil da malamanmu suke karantarwa a zaure. Hukuncin shi ne, wanda ya rasu a cikin jirgin ruwa, in ana sa ran isa tudu kafin gawarsa ta canza, sai a jira a binne shi a ƙasa. In ba a sa rai, sai a yi masa wanka, a sa masa likkafani, a sallace shi, a zura shi cikin ruwa. Malamai sun saɓa a kan ko za a ɗaura masa nauyi: Sahnun ya ce a ɗaura don ya nutse, wasu kuma suka ce a bar shi, ko igiyar ruwa ta kai shi gaɓa Musulmi su tsince shi su binne. Sahabi Abu Ɗalha ya rasu a jirgin yaƙi a kan teku, sai da aka kwana bakwai kafin a sami tsibirin da za a binne shi, kuma aka jira. Kakanninmu da suka tafi Hajji a ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur, suka hau jirgin ruwa daga Sawakin su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, da wannan hukunci suka yi guzuri. Ke nan a wurinmu teku kabarin lalura ne.

A wurin Turawa kuwa zaɓi ne, mai lasisi da ƙa'ida. A Ingila wurare uku aka keɓe: kusa da tsibirin Wight, da tsakanin Hastings da Newhaven, da gaɓar Tynemouth. Dole a huda akwatin gawar huda 40 zuwa 50, a ɗaure masa ƙarfe ko kankare mai nauyin kilo 200 ko kusa da haka. A Amurka sai an yi nisan mil uku na teku daga gaɓa, a ruwa mai zurfin ƙafa 600 zuwa sama, a kuma sanar da hukumar kare muhalli cikin kwana 30. Wanda ya cika a kan gadon asibiti, ga maƙabartar Musulmi mota tana zuwa, babu lalurar da za ta kai shi can. Wannan ne dalilin da malamai da yawa suka yi tir da abin da Amurka ta yi wa gawar Usama bin Ladan a watan Mayu na 2011, har da waɗanda ba su taɓa yarda da tafarkinsa ba: a tudu ya mutu, a tudu ya kamata a binne shi.

Maganar teku a nan ta ƙare a zaurenmu. Wadda ta raba kanmu har kwana biyu ita ce ta ƙarshe a takardar, wato a kawo shi gida.

Goggo ce ta nemi haka. Da na shiga ɗakinta na durƙusa, ba ta ambaci sunansa ba, domin ɗan fari ne, ko a ranar ba ta saki kunyar ba. Cewa ta yi, "Ku kawo mini yaron nan in san inda yake kwance. Ubansa yana nan, kakansa yana nan." Na ce, "To, Goggo." Ban da wata amsa, kuma har yau ban ga laifinta ba. Duk mai rubutu a kan wannan batu da ya fara da yi wa uwa wa'azi, bai taɓa zama a gabanta a irin wannan rana ba.

Amma ga abin da "a kawo shi" yake nufi. A Ingila duk mutuwar farat ɗaya sai ta bi ta hannun jami'in binciken musabbabin mutuwa, kuma yana iya ba da umarnin a buɗe gawa, ko da yake a wasu garuruwa akan yarda a yi hoton na'ura a madadin wuƙa in iyali sun nema. Bayan nan a ba shi sanarwar fitar da gawa daga ƙasar, wadda bisa al'ada takan ci kwana huɗu. Kamfanonin jiragen sama galibi ba sa ɗaukar gawa sai an zuƙe jininta an ɗura mata sinadarin hana ruɓewa, an kuma rufe ta ruf cikin akwati mai rufin ƙarfe a ciki. Ga takardun ofishin jakadanci, ga izinin jami'an lafiya na tashar jirgi a nan gida. Jirgin Landan a Abuja ko Legas yake sauka, daga nan a nemo mota zuwa Kano, a ƙara kilomita ɗari da 'yan kai zuwa Gumel. In komai ya tafi daidai, mako biyu ba abin mamaki ba ne. Kuɗin da aka yanka mana kuwa, da za a shiga da shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da shanu za a fito. Mamacin ya bar mata da 'ya'ya biyu, ga bashin da ya ci na tafiya bai gama biya ba.

Shari'a ba ta haramta ɗaukar gawa daga gari zuwa gari ba. A Muwaɗɗa an kawo cewa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas da Sa'id ɗan Zaidu sun rasu a Aƙiƙ aka ɗauko su zuwa Madina, kuma malaman Malikiyya sun halatta hakan don maslaha, kamar a binne mutum cikin danginsa, da sharaɗin kada a keta alfarmarsa. Sai dai Aƙiƙ a bakin Madina take. A ɗaya gefen kuma, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an mai da shahidan Uhudu aka binne su inda suka faɗi, ya kuma yi umarni da gaggauta jana'iza. Nana A'isha da ta tsaya a kabarin ɗan'uwanta Abdurrahman, wanda aka ɗauko daga inda ya rasu zuwa Makka, ta nuna cewa da tana nan da ba a binne shi ba sai a inda ya cika. Ni a ganina, gawar da aka zuƙe, aka ɗura, aka auna a sikelin kaya, ta yi mako biyu a firji, sharaɗin alfarmar nan ya yi mata nisa.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne, mu ɗin nan ba mu taɓa neman a dawo mana da alhajin da ya rasu a Makka ba. Waɗanda suka rasu a turmutsutsun Mina na 2015, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, a can aka yi musu sutura, muka ce sun dace. Za a ce ai Makka daban ce, kuma haka ne. To Lakwaja fa? Can Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi suke kwance, inda Turawa suka kai su. Mu kanmu, kafin a dawo da gadon sarauta Gumel a 1845, a Tumbi yake, wadda yau take cikin Nijar. Magabatanmu na wancan zamani suna kwance a ƙasar da sai mun tsallake iyaka za mu ziyarce su, ba wanda ya ce sun ɓata.

Waɗanda suka ɓata su ne waɗanda ba a san su ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga yankin Kance na jihar Damagaram, maƙwabtanmu na ƙut da ƙut. A watan Nuwamba na 2017 an binne 'yan matan Najeriya 26 a Salerno ta Italiya bayan an tsamo su daga Bahar Rum, akasarinsu ba a san sunansu ba ranar da aka rufe su. Muna da 'yan takari a Jidda da suke zaune da sunan da ba nasu ba, muna da samari a Libiya da Aljeriya da iyayensu ba su san garin da suke ba. Har mai cikakkun takardu bai tsira ba in bai bar magana ba. A Ingila mafi yawan mamata ƙona su ake yi, a Japan kusan duka. Dokar Ingila ta 1984 ta ɗora wa ƙaramar hukuma jana'izar wanda ba shi da kowa, ta kuma hana ta ƙona shi in tana da dalilin ganin ba haka yake so ba. Dalilin nan kuwa sai an same shi a rubuce, ko a bakin wani. A Faransa da Jamus kabari haya ne na wasu shekaru, in wa'adi ya cika ba a sabunta ba, ana iya ba wani wurin.

Saboda haka roƙona ga duk ɗan Gumel, ko Gagarawa, ko Maigatari da yake waje, ɗalibi ne ko likita ko mai dako: ka rubuta wasiyya da harshen ƙasar da kake, ka ce kai Musulmi ne, a binne ka, kada a ƙona ka. Ka ambaci mutum ɗaya a can da mutum ɗaya a gida da za su yanke magana. Ka san masallacin da yake wankan gawa a garinku, in suna da asusun jana'iza ka shiga, ko da kana ganin yarinta. Mafi wuya duka, ka gaya wa mahaifiyarka da bakinka, tun kana waya kuna dariya, inda kake so a sa ka. Mu mun ɗauki irin wannan zance a matsayin kiran mutuwa. Ɗan goggona bai yi ba, shi ya sa nauyin ya faɗo a kan tsohuwar da ba ta taɓa ganin teku ba.

Liman ne ya shawo kanta a dare na biyu. Bai kawo mata maganar kuɗi ba. Ya ba ta labarin hadisin mutumin da ya rasu a Madina, inda aka haife shi, Annabi ya yi fatan da a wani wuri ya rasu, domin wanda ya mutu a baƙunci akan auna masa a Aljanna daga mahaifarsa zuwa inda sawunsa ya ƙare. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta tambaya ko tsakanin nan da can da nisa. Na ce mata jirgin sama ma sai ya yi awa shida. Ta ce, "To, ku bar shi."

An binne shi ranar Juma'a a sashen Musulmi na wata maƙabarta. Abokinsa ya ce sahun ya kai uku, Pakistanawa da Somaliyawa da 'yan Najeriya kaɗan. A nan gida wasu samari suka nemi a yi sallar ga'ib, Liman ya ce a mazhabarmu ba a yi, tunda an riga an sallace shi a can, sai aka yi addu'a aka shafa. Da hoton kabarin ya iso na kai wa Goggo. Ta daɗe tana dubawa, ta tambaye ni ina ne gabas a ciki, na nuna mata. Sai ta ce in rubuta mata lambar da ke jikin allon a takarda, ta ninke ta, ta ɗaure a bakin zanenta.