Basalona: 'Yan Gari Suna da Gaskiya

Da an ce Basalona, ƙwallo ce ke faɗo mana a rai. Amma kafin gasar Olamfik ta 1992, bakin tekun birnin cike yake da masana'antu da layin dogo. Aka rushe su, aka zuba yashi, baƙi suka yi ta tururuwa.

Yanzu kuɗin haya ya tashi, 'yan gari na barin unguwanninsu. A Yulin 2024 har ruwa wasunsu suka fesa wa masu yawon buɗe ido. Wannan kam ba tarbiyya ba ce. Sai dai muna goyon bayan hukumar birnin da ta ce daga ƙarshen 2028 babu sauran ba baƙi hayar gidajen zama na 'yan kwanaki. In Allah ya kai mu kallon wasa, otal ya ishe mu.