Filin Mata: Allon Gado Mai Taushi Da Kuɗi Kaɗan

Yau maganarmu a kan allon gado take, irin wanda ake lulluɓewa da soso da yadi, mutum ya jingina ya ji taushi. Gado mai wannan allo ya shiga gari, har amarya ba ta ganin ɗakinta ya cika sai da shi. Iyaye da yawa sun ci bashi saboda kayan ɗaki, a gama biki da shekara guda ana biya. Wata kuma sai ta karyar da gadonta mai ƙwari, ta sayo mai ado wanda ba zai yi damina uku ba. Alhali adon nan duka a jikin allo ɗaya yake, kuma kina iya yinsa da hannunki cikin yini guda, gadonki yana nan yadda yake.

Da fari sai awo. Ku 'yan makaranta, ga inda lissafinku zai yi wa iyayenku amfani. A auna faɗin katifa. Yawancin katifun ma'aurata ƙafa 4 da rabi ne, ko ƙafa 6. Wannan shi ne faɗin allonki, tsayinsa kuwa ƙafa 2 ya isa. Katakon filawud yana zuwa ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo. Ashe in aka tsaga shi ta tsawo, allo biyu zai fita. To, ki nemi maƙwabciya ko 'yar'uwa ku haɗa kuɗi ku sayi guda, mai kaurin rabin inci. Kafinta zai yanka muku, ya goge bakin. Ki duba da kyau kada a ba ki wanda gara ta taɓa, ko wanda ruwa ya kumbura.

Tun kina wurin kafinta, ki sa ya yanka miki sanduna biyu na katako waɗanda za su zama ƙafafun allon. In kina son ado na maɓalli, ya huda miki ƙofofi 6 a jikin allon, uku a sama uku a ƙasa, tazararsu daidai.

Sai soso mai kaurin inci 2. Masu yin kujerun kushin sukan sami ragowa su sayar da araha, kuma ba laifi in guntu biyu ne, tun da yadi zai rufe mahaɗin. Amma ki guji sosan tsohuwar katifar da ba ki san daga inda ta fito ba, don nan ne maɓoyar kuɗin cizo. Wanda ya shigo da su ɗaki ya sayi wahala da kuɗinsa. In soso ya gagara, audugar rimi ma tana yi. Sai dai ita takan zube ƙasa in allo ya tsaya, saboda haka a cire 'ya'yan, a zuba ta cikin jaka mai faɗin allon, a bi ta da ɗinki gida-gida kamar inci 4.

Wajen yadi, ki ƙara inci 5 a kowane gefe don naɗewa ta baya. Ga gado mai ƙafa 4 da rabi, yadi 2 ya isa, wato zane ɗaya na atamfa. Mai ƙafa 6 kuwa sai yadi 2 da rabi. Karammiski yana da kyau a ido, amma yana riƙe ƙurar hunturu. Fari kuma ba ya jure man kitso. Atamfa mai duhu ta fi rufin asiri, mai ƙananan yara kuwa ta sayi ledar kujera wadda ake gogewa da tsumma. In atamfa ce, ki wanke ta tukun ki goge, don ta gama tsukewarta.

Ga yadda ake haɗawa. Ki shafa gam a jikin katakon, ki manna soso, abin da ya yi saura ki yanke da wuƙa mai kaifi. Ki yi wannan a tsakar gida, don warin gam yana sa ciwon kai. Sa'an nan ki shimfiɗa tabarma mai tsabta, ki shimfiɗa yadin a kai fuskarsa tana kallon ƙasa. Ki ɗora tsohon zanen gado ko bargo marar kauri, shi zai sa gefen ya yi sumul. Ki kifa allon a kai, soso a ƙasa, katako a sama.

Yanzu aka zo wurin da aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Kada ki fara daga kusurwa. Ki jawo yadin daga tsakiyar gefen sama ki buga ƙusa ɗaya a bayan allon, ki koma tsakiyar gefen ƙasa ki ja sosai ki buga ɗaya, haka dama, haka hagu. Ki ɗaga allon ki duba ko zanen atamfar ya miƙe. In ya karkace, ƙusa huɗu kaɗai za ki cire. In ya yi daidai, ki ci gaba daga tsakiya zuwa gefe, ƙusa a kowane inci 2, wata tana ja miki kina bugawa. Ƙusoshin su zama ƙanana masu faɗin kai, kada tsawonsu ya kai kaurin katakon, don kada su ɓullo su soki mai jingina. Kusurwa ita ce ƙarshe, ki ninke ta kamar yadda kike ninke zanen gado a ƙarƙashin katifa. Sannu ba ta hana zuwa.

Maɓallan kuwa, tela zai lulluɓe miki su da ragowar yadin. Ki sa zare mai ƙarfi a basilla, ki shigar ta ƙofar baya, ki sarƙafo maɓalli, ki komo, ki ja har ya lotsa, ki ɗaure zaren a jikin ƙusa. Daga nan ki rufe bayan allon da wani ƙyalle. Kafinta ya ɗaura ƙafafun yadda gindin allon zai sauka inci 2 ƙasa da saman katifa. A jingina shi da bango, a turo gado ya danne shi. Mai zaman gidan haya ba ta huda bangon kowa ba, ranar tashi kuma ta ɗauki abinta.

Saura gargaɗi biyu. Soso yana kama wuta nan da nan, hayaƙinsa kuma guba ne. Kada ki ajiye kyandir, ko fitilar kananzir, ko maganin sauro na kunnawa kusa da shi. Na biyu, ki riƙa fitar da allon rana kowane wata, ki kakkaɓe, ki duba ninkin baya da gindin maɓalli. In kin ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe, kuɗin cizo sun fara, a yi maganinsu tun ba su yaɗu ba. Da damina kuma ki ɗan janye shi daga bango mai laima.

Uwar da take shirin aurar da 'ya, ta gwada wannan kafin ta nufi wajen mai ba da bashi. Daidai ruwa daidai tsaki.