Icce Tun Yana Ɗanye Ake Tanƙwara Shi

Magidanta da yawa daga Miri, garin nan da ke bakin hanyar Jos kusa da birnin Bauchi, suna neman halaliyarsu a Agege da Sabon Badun da Fatakwal, iyalansu kuwa suna gida. Duk wata sukan aiko da kuɗin makarantar renon yara, kuma abin da ke faranta musu rai shi ne su ji ɗan shekara uku yana rera haruffan Turanci ta waya. Lalle wannan ma'auni ne gurgu, domin aku ma yana iya haddace magana.

Abin da ya kamata uba ya tambaya daban ne. Ɗan shekara uku, shin yana haɗa magana cikakkiya da harshen uwarsa, yana faɗin sunansa? Ɗan shekara huɗu, yana iya maimaita tatsuniyar da kakarsa ta yi masa, ya yi wasa da tsaransa ba tare da rigima kullum ba? Ɗan shekara biyar, yana ƙidaya tsakuwa goma, ya sa rigarsa da kansa, ya riƙe alƙalami? An yi masa allurar ƙyanda tun yana wata tara? Yana samun wake da ƙwai da ganye, ko kuwa koko kaɗai? Yaron da yunwa ta tsumburar da shi, malami ba zai iya mayar masa da abin da ya rasa ba.

Batun harshe kuwa an daɗe da gwada shi. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya tanadi a koyar da ƙananan yara da harshen uwa, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife cikin 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza a Turanci ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin ilmin tushe, saboda haka haƙƙin mutanen Miri ne su nemi ajin share fage a firamaren gwamnati, da malamai horarru.

Ƙungiyoyin 'yan Bauchi da ke Kurmi suna da murya, kamata ya yi su aika wa hukumar ilmin firamare ta jiha da wannan buƙata a rubuce. Uba kuma in ya bugo waya, ya bar yaron ya ba shi labari da Hausa, ya saurara har ƙarshe. Allah ya raya zuriya, amin.