Sharhi: Makomar dagatan ƙasar Bichi bayan rushe masarauta

A ranar 23 ga Mayu, 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu kan dokar da ta rushe masarautun da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa a 2019, ya kuma mayar da Muhammadu Sanusi II gadon sarautar Kano. Bayan wata biyu aka dawo da Rano da Ƙaraye da Gaya a matsayin masarautu masu daraja ta biyu, amma ban da Bichi. Tun daga nan hankalin jama'a ya koma kan kotuna da fadoji biyu, Gidan Rumfa da gidan Nasarawa. Ba safai ake tambayar makomar hakimai da dagatai da masu unguwannin da suka shekara biyar suna kai gaisuwa Bichi ba, daga Dambatta da Makoɗa har Kunci da Tsanyawa da Bagwai.

Tarihi ya nuna yadda ake yi wa mabiyan wanda aka kayar. A Basasar Kano, bayan Aliyu Babba ya shiga birni a 1894, aka kuma kashe Sarki Tukur a 1895, sarautu da dama sun koma hannun Yusufawa, Tukurawa da yawa suka yi hijira. Kafin wannan, sarakunan Haɓe na Katsina da Jihadi ya kora sun kafu a Maraɗi, kuma hare-harensu sun shafe shekaru da dama suna addabar ƙasashen Katsina da Kano. A Amurka ma, bayan yarjejeniyar Paris ta 1783, kimanin mutum 60,000 masu biyayya ga Sarkin Ingila sun bar ƙasar, akasarinsu zuwa Kanada, kuma mafi yawan gonakin da aka ƙwace musu ba a mayar ba.

A arewacin Kano gona tana manne da gona, kuma gado ya yanka filaye gunduwa-gunduwa. Galibin waɗannan gonaki ba su da takardar mallaka. Dagaci da mai unguwa su ne shaidun iyaka da ciniki da jingina da rabon gado. Duk wanda aka tuɓe saboda ya yi mubaya'a ga sarkin jiya, zai tafi da wannan sani, magajinsa kuma yana iya tayar da shari'o'in da aka riga aka kashe. Ɗan kasuwar Kwari ko ma'aikacin sakatariyar Audu Bako da ya sayi gona a ƙauyensu tsakanin 2019 da 2024 yana cikin waɗanda hakan zai shafa.

Dagacin da ya kai gaisuwa Bichi doka ya bi, domin ita ce dokar jiha a lokacin. Ya kamata gwamnati da majalisar masarauta su bayyana a rubuce cewa duk shaidar filin da aka bayar a waɗannan shekaru tana nan daram, kuma ba za a tuɓe kowa ba sai da laifin da aka tabbatar bayan an saurare shi.